Kyanwar da ke rungume hannu tana shuri da ƙafafun baya

Wata Hajiya daga birnin Tawa ta aiko da tambaya a kan kyanwarta. Ta ce ta tsince ta ne a bayan ɗakin ajiya tana 'yar mitsitsiya, ba ta wuce wata ɗaya da haihuwa ba, uwar kuma ba a sake ganinta ba, sai ta raine ta da hannunta har yanzu ta kai wata 7. Damuwarta ita ce, duk lokacin da kyanwar ta kwanta rigingine aka kai hannu za a shafa mata ciki, sai ta rungume hannun da ƙafafunta na gaba, ta kafa haƙori, sannan ta yi ta shuri da ƙafafun baya biyu a tare har ta bar shatar farce a fata. A makon jiya ta yi wa jikanta mai shekara 5 haka, har jini ya fito. Ta doke ta da tsintsiya, abin bai ragu ba, sai ma ya ƙaru. Cikin maƙwabta wasu sun ce jinin muzurun daji ne a jikinta, wasu sun ce alamar hauka ce, a kai ta bayan gari a yar. Tana son sanin dalilin wannan shuri, da ko akwai hanyar hana shi, ko kuwa ta rabu da ita kawai.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan raino. Abin da kika kwatanta ɗabi'a ce da aka halicci kowace kyanwa da ita, ba a iya cire ta, amma ana iya karkatar da ita daga hannun mutum zuwa wani abu dabam, kuma a shekarun kyanwarki yin hakan ba shi da wuya. Sai dai kafin in shiga bayanin kyanwar zan fara da yaron, domin maganarsa ce ba ta jiran gobe.

Duk yakushi ko cizon dabba da ya fitar da jini, abu na farko shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada, a shafa betadin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a rauni, sannan a kai mutum gidan likita a ranar. Ko da yake mako ya wuce, ina ba ki shawara ki kai jikanki yau, ki gaya musu cewa kyanwa ce, ba a taɓa yi mata allurar rigakafi ba idan haka ne, kuma tana fita waje idan tana fita. Su ne za su yanke hukunci a kan allurar haukan kare da ta tetanos. Ciwon haukan kare yana nan a ƙasarmu, yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara a duniya, galibi a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan babu mai tashi. Gaskiya ne kusan dukkan masu kamuwa daga kare suke samunsa, amma kyanwa ma tana ɗauka tana bayarwa, kuma tun da kullum cikin lasar ƙafafunta take, farce yana iya kai yawu cikin rauni. Akwai kuma wasu cututtuka biyu da suka fi wannan yawa nesa ba kusa ba. Haƙorin kyanwa siriri ne, yana shigar da ƙwayoyin cuta can ciki sannan bakin raunin ya rufe, shi ya sa cizonta kan kumbura ya yi ja cikin kwana ɗaya, musamman a yatsa ko kusa da gaɓa. Yakushi kuwa yana iya kawo wata cuta da ƙuma ke yaɗawa tsakanin kyanwoyi, wadda ke bayyana da kaluluwa a hammata ko a wuya bayan mako 1 zuwa 3, wani lokaci da zazzaɓi. Idan kika ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikin yaron, ki koma gidan likita ki ambaci kyanwar.

Ciwon haukan kare ne ma dalili na farko da ya sa shawarar a kai ta bayan gari ba ta da kyau. Kyanwa ko karen da ya ji wa mutum rauni ana sa masa ido ne na kwana 10, domin idan a ranar da ya yi cizon akwai cutar a yawunsa, kafin wannan wa'adi ya cika zai nuna alamu ko ya mutu. Wanda ya yar da dabbar ya yar da shaidar da likita ke buƙata. Alamun haukan kuwa a fili suke: hali ya sauya farat ɗaya, yawu ya yi ta zuba, haɗiya ta gagara, murya ta canza, tafiya ta koma tangaɗi, sai shanyewar jiki, duka cikin 'yan kwanaki. Kyanwar da ta yi watanni tana abu guda a yanayi guda, tana cin abincinta, tana wasanta, ba ta cikin wannan siffa.

Batun jinin daji kuma, maƙwabtanki ba su yi ƙarya ba, sai dai abin ya shafi kowace kyanwa da ke cikin garin Tawa. Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar dajin Afirka, wadda masana ke kira Felis lybica, kuma har yau ana samunta a dazuzzukan Sahel. Abin da ya haɗa ta da mutane tun dubban shekaru shi ne ɓerayen da ke bin hatsi a rumbu, saboda haka babu wanda ya taɓa neman rage mata farauta, don farautar ce ta sa aka bar ta ta zauna. Jikinta kaf an shirya shi ne don wannan aiki. Tana da farata 18, biyar-biyar a ƙafafun gaba, huɗu-huɗu a na baya. Na gaba sun fi lanƙwasa da kaifi, aikinsu kamawa da riƙewa. Ƙafafun baya kuwa sun fi tsawo da tsoka, su ne ke ɗaga ta daga ƙasa zuwa kan katanga da tsalle ɗaya, kuma ƙarfin nan ne take saki a lokacin shuri. Ɓera ƙarami ba ya buƙatar wannan, cizo ɗaya a ƙeya ya ishe shi. Amma idan ta kama abin da ya kusa girmanta, kamar gafiya ko tantabara, sai ta rungume shi da ƙafafun gaba, ta faɗi da shi a gefe, ta kafa haƙori a wuya, ƙafafun baya kuma su yi ta yagar cikinsa har ya daina motsi.

Haka take yi a faɗa da 'yar'uwarta. A filin kokawa wanda bayansa ya taɓa ƙasa an kayar da shi, sai kalangu ya tashi, amma a wurin kyanwa kwanciya a baya ita ce lokacin da makamanta suka cika, domin a nan ne ƙafafu huɗu da baki duk suke fuskantar abokin gaba a lokaci ɗaya. Wanda ya taɓa leƙa muzurai biyu suna faɗa da dare zai ga sun dunƙule wuri guda, kowanne ya rungume ɗaya yana shurin cikinsa, gashi yana tashi. Ki duba ƙasan cikin kyanwarki, gab da cinyoyi, za ki ga wata fata mai laushi tana reto idan tana tafiya. Mutane da yawa suna ɗaukar ta ƙiba ce ko alamar haihuwa, alhali maza da mata duk suna da ita, kuma masana suna ganin cikin amfaninta akwai kare kayan ciki daga irin wannan shuri.

Daga nan za ki gane inda kuskuren yake shigowa. Kyanwa tana kwanciya rigingine idan hankalinta ya kwanta da mutanen gida, ko kuma tana neman sanyi, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin Tawa ke wuce digiri 40, sai ki gan ta ta baje a kan siminti ko a gindin randa. Mai kallo sai ya ɗauka tana cewa a zo a shafa, domin haka kare yake yi. Ita kuwa ciki shi ne wurin da ta fi tsaro a duk jikinta, babu ƙashin da ya kare shi, kuma fatar wurin tana saurin jin taɓi. Hannun da ya sauko daga sama ya dafa wannan wuri yana tayar da martanin da ba sai ta yi tunani ba. Akwai ƙalilan da ke yarda a shafa musu ciki, amma su ne baƙi a cikin jinsin, kuma ko su ɗin ba kullum ba.

Shurin iri ɗaya ne a ido, amma abin da ke tayar da shi ya bambanta, kuma gyaran ya dogara ne a kan gane wanne ne. A ganina na kyanwarki wasa ne ya fi yawa a ciki. Mai wasa kunnuwanta suna tsaye suna fuskantar gaba, ba ta huci, ba ta gurnani, sau da yawa ita ce ke fara tsokana: ta laɓe a bayan labule ko ƙarƙashin gado, ta karkaɗa ɗuwawu, ta daka tsalle ta kama ƙafar mai wucewa, ta yi shuri kaɗan, ta saki ta ruga, sannan ta dawo. Ta fi yin haka da asuba da kuma wajen magariba, domin waɗannan ne lokutan farautar jinsinta. Tarihin da kika bayar ya ƙara ƙarfafa wannan zato. 'Ya'yan kyanwa suna fara kokawa da juna tun suna kimanin mako 4, kuma a cikin wannan kokawa ne suke koyon awo. Idan ɗaya ta ciji 'yar'uwarta da ƙarfi, sai waccan ta yi ƙara ta janye, wasa ya tsaya, ko ta rama daidai gwargwado. Idan ta matsa wa uwa, uwar ta make ta ko ta tashi ta bar wurin. Bayan an maimaita haka sau ba adadi, sai ta san iyakar ƙarfin da ake sawa a wasa, ta kuma koyi noƙe farce. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa kada a raba 'yar kyanwa da uwarta kafin mako 8, kuma kai wa mako 12 ya fi. Taki ta rasa uwa da 'yan'uwa daidai lokacin da wannan karatu ke farawa, ba da laifin kowa ba.

Wanda ya maye gurbin 'yan'uwan kuwa shi ne hannun mutanen gida. Na tabbata lokacin da take ƙarama, nauyinta bai wuce rabin kilo ba, yara da manya sun sha juya ta a baya suna yi mata cakulkuli a ciki, ita tana kama yatsa tana shuri da 'yan ƙafafunta, kowa yana dariya. A lokacin ba ta iya ji wa kowa ciwo. Yanzu ta kusa kilo 3, haƙoran manya sun gama fitowa tun wajen wata 6, amma darasin da aka koya mata bai canza ba: hannu abin kokawa ne. A wajenta yau ma wasan jiya take yi, kuma ba ta da hanyar sanin dalilin da ya sa abin da ake yi wa dariya ya koma abin duka.

Akwai kuma shurin da ma'anarsa ita ce ya isa haka. Kyanwa tana iya zuwa da kanta ta hau cinyar mutum, ana shafa ta tana lumshe ido, sai can ta juya ta kama hannun. Masu ita kan ce ta yi ba zato, amma kusan kullum ta yi gargaɗi, ba a dai lura ba ne. Bakin wutsiya ya fara motsi sannan duk wutsiyar ta riƙa bugun ƙasa, fatar baya ta yi ta tsuma, kunnuwa su juya gefe, baƙin ido ya buɗe, ta waiwayo tana kallon hannun. Duk wanda ya tsaya a ɗaya daga cikin waɗannan alamu ba zai kai ga shuri ba. Wuraren da galibin kyanwoyi suka fi son a taɓa su ne kumatu, ƙarƙashin haɓa da tsakanin kunnuwa, inda suke da ƙanshin da suke gogawa a jikin abin da suka saba da shi. Ki shafa nan na ɗan lokaci kaɗan, ki janye hannu ki jira. Idan ta turo kai, ki ƙara. Idan ta kau da kai, ta ƙoshi.

Shurin tsoro shi ne mai haɗari, kuma shi nake gudun tsintsiyar nan ta haifar. Mai tsoro kunnuwanta suna manne da kai, tana huci, gashin baya ya tashi, faratan duk a waje, cizon kuma na gaske ne, yana huda fata. Kyanwa ba ta haɗa duka da laifin da ta yi, tana haɗa shi ne da wanda ya doke ta da kuma hannun da ya ɗago. Saboda haka gobe idan hannu ya nufo ta, ko da shafa ya zo yi, sai ta riga shi. Ina jin wannan ne dalilin da ya sa kika ga abin ya ƙaru. Haka ma watsa mata ruwa, ko daka mata tsawa, ko ɗaga ta da fatar ƙeya, ko bugun hanci da yatsa, duk suna ƙara tsoro ne ba tare da sun koya mata abin da ake so ta yi ba. Kulle ta a ɗaki ba ci ba sha kuwa, ban da rashin amfaninsa, kin san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito a kan matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa.

Ga yadda za a yi idan ta riga ta kama hannun. Kada ki fizge, domin abin da ke ƙoƙarin tserewa shi ne take ƙara riƙewa, kuma fizgar ce ke mayar da ɗan huji ya zama doguwar yaga. Ki sassauta hannun ki bar shi kamar ba rai, ki yi shiru, idan ta ƙi saki ki ɗan tura shi wajenta a hankali maimakon ki ja, abin da ba ta saba gani daga abin farauta ba, sai ta sake. Da ta saki, ki miƙe ki bar mata wurin na 'yan mintoci, ba magana, ba kallo. Wannan shi ne darasin da 'yan'uwanta za su koya mata da suna nan, wato da zarar farce ko haƙori ya taɓa fata, wasa ya ƙare. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma shi ne mai wuya a gidan da ke da jama'a: kowa ya bi. Idan ke kin daina amma akwai saurayi guda a gidan da ke jin daɗin tsokanarta da hannu ko da ƙafa a ƙarƙashin zane, aikin ya koma baya, domin ɗabi'ar da ke samar mata wasa wani lokaci ta fi wuyar bari a kan wadda ke samar mata da shi kullum.

Hani kaɗai ba zai isa ba, dole a ba ta inda za ta sauke wannan ƙarfi. Ki samu tsohuwar safa doguwa ko hannun tsohuwar riga mai kauri, ki karɓo ƙyallayen da suka rage a wurin tela, ki cusa su a ciki sosai har ya yi tauri, tsawonsa kamar santimita 30, kaurinsa kamar wuyan hannu, a ɗinke bakin biyu da kyau. Kada a sa maɓalli ko dutsen ado, kada kuma a bar zare yana lilo. Tsawon yana da muhimmanci, domin ana so ta iya rungume sama da ƙafafun gaba, ƙasan kuma ya kai ga ƙafafun baya. Ƙaramin abu ba ya ba ta wannan dama. Ki ajiye ɗaya kusa da inda kike zama. Da kin ga ta kwanta ta fara buɗe ido irin na mai neman kokawa, ki tura mata shi a ƙirji, ki bar ta ta yi shurinta har ta gaji. Bayan wannan, ki samu kara ko siririyar sanda mai tsawon mita ɗaya, ki ɗaura igiya, a bakin igiyar ki ɗaura gashin zabo ko ƙyalle. Sandar tana nisanta hannu daga farce, shi ya sa ko yaro zai iya wasa da ita a gabanki. Yadda ake jan abin shi ne sirrin. Ba a kaɗa mata shi a fuska, domin babu ɓeran da ke zuwa wurin kyanwa da kansa. A ja shi a ƙasa yana gudunta, ya tsaya cak, ya ɗan motsa, ya ɓuya a bayan turmi ya bar bakin gashin a waje. Za ki ga ta kwanta da ciki, ta kafe shi da ido, sannan ta afka. Ki bar ta ta kama shi lokaci zuwa lokaci, ta cije ta shure, kada a mayar da wasan na cin rai. Minti 10 zuwa 15 sau biyu a rana, da safe da kuma kafin magariba, sun isa, kuma ya fi kyau a ba ta abinci nan take bayan wasan, domin haka tsarinta yake: farauta, ci, lasar jiki, barci. Idan an gama a ɗauke igiyar a ɓoye. Kyanwa tana haɗiye zare, harshenta mai ƙaiƙayi ba ya barin ta tofar, kuma zaren da ya shiga hanji yana iya yanka shi, sai an yi tiyata.

Kada ki yi tsammanin sauyi cikin kwana biyu. A kwanakin farko tana iya ƙara matsawa, tana gwada ko tsohuwar hanya za ta sake aiki, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya. Idan aka dage, cikin 'yan makonni za a ga bambanci, shekaru ma suna taimakawa, domin zafin wasa yana raguwa bayan ta wuce shekara ɗaya zuwa biyu. Ba ina cewa za ta koma kyanwar Lami ba, ba cizo ba yakushi. Wadda aka dafa wa ciki ba shiri za ta iya kamawa ko tana da shekara 10. Idan gidan yana da hali, kawo wata kyanwa sa'arta mai lafiya yakan rage nauyin, su yi kokawarsu tsakaninsu, amma a haɗa su sannu a hankali, kowacce da kwanonta, ba a jefa baƙuwa tsakar gida rana ɗaya ba.

Game da jikanki, yaro mai shekara 5 ba zai iya karanta kunne da wutsiya ba, saboda haka a ba shi doka mai sauƙi: ba a taɓa cikinta, ba a ɗaukarta, ba a taɓa ta tana barci ko tana ci, ba a kai fuska kusa da ita, kuma wasa da ita sai da sanda, sai kuma da babba a wurin. Ita ma a bar mata wuri mai tudu, kamar saman kabad ko taga, inda za ta hau ta huta idan yara sun dame ta, domin kyanwar da ke da hanyar gudu ba ta cika zaɓar faɗa ba. Rage tsinin farata duk mako 2 zuwa 3 yana rage munin rauni. Ana danna tafin ƙafar a hankali farcen ya fito, a yanke ɗan bakin mai haske kawai da abin yanke farce, a guji jan da ake hangowa a ciki, domin nan ne jini da jijiya suke. Ki fara sa likitan dabbobi ya nuna miki sau ɗaya, kuma idan tana yawo a waje kada a rage da yawa, tana buƙatarsu wajen hawa da kare kanta. Cire faratan gaba ɗaya kuwa yanke ƙashin ƙarshe na kowane yatsa ne, yana barin ciwo, kuma ƙasashen Turai da yawa sun haramta shi.

Akwai wasu motsin ƙafar baya da ake rikita su da wannan, kuma ɗaya daga ciki yana gab da zuwa gidanki idan bai riga ya zo ba. Macen kyanwa tana balaga tun daga wata 4 zuwa 9. Idan ta shiga neman namiji sai ta yi ta kuka mai tsawo da dare, tana birgima, tana goga jiki a komai, kuma idan aka shafa mata baya sai ta kwantar da ƙirji, ta ɗaga ɗuwawu, ta kau da wutsiya gefe, tana taka ƙasa da ƙafafun baya ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana ɗaukar kimanin mako guda, ya dawo bayan mako 2 zuwa 3 idan ba ta ɗauki ciki ba, cikin kuwa kwana 63 zuwa 65 ne. Aikin hana haihuwa yana kawar da wannan, a namiji kuma fiɗiya tana rage yawo da faɗa da sauran muzurai, amma babu ɗayansu da ke kawar da shurin wasa. Tonon ƙasa da watsa yashi bayan ta yi bayan gida ɗabi'ar rufe ƙazanta ce, ɗan firgitar ƙafa a cikin barci kuma ba komai ba ne. Wanda ba a wasa da shi shi ne ta faɗi a gefe ba ta cikin hayyacinta, ƙafafu suna ta harbawa, yawu ko fitsari yana zuba; wannan farfaɗiya ce ko guba, sai a gaggauta kai ta.

Ciwo ma yana sa shuri, kuma alamarsa ita ce sabon hali a jikin dabbar da ba ta saba ba. Wadda ke yawan kai ƙafar baya tana sosa kunne da ƙarfi, tana girgiza kai, kunnen kuma cike da baƙin datti, galibi wasu ƙananan ƙwari ne da ke zama a cikin kunne. Ƙuma tana sa fatar baya da gindin wutsiya su yi tsami har taɓi kaɗan ya sa ta juyo da faɗa. Ƙurjin da ya biyo bayan cizon wata kyanwa yana ɓoye a ƙarƙashin gashi, tsohuwar kyanwa kuma ciwon gaɓoɓi ne ke hana ta jure ɗauka. Namijin da ke tsuguno sau da yawa fitsari ba ya fita, yana kuka idan an taɓa cikinsa, mafitsararsa ce ta toshe, kuma hakan yana kisa cikin kwana biyu ko uku idan ba a buɗe ba. A duk waɗannan ina roƙon kada a ba kyanwa maganin mutane. Parasetamol guba ne a gare ta, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Haka maganin kaska da ƙuma na karnuka ko na shanu mai sinadarin permetirin, da maganin feshin gona da wasu ke shafa wa dabbobi, suna sa ta rawar jiki da farfaɗiya.

Da zarar kwana 10 na sa ido sun cika tana lafiya, ki kai ta wurin likitan dabbobi, ko na ma'aikatar kiwo ko mai zaman kansa, a yi mata allurar haukan kare, wadda ake fara yi tun daga wata 3, a rubuta miki ranar da za a maimaita, a ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma wanda aka yi don kyanwa, a kuma duba kunnuwa da fata da ciki ko akwai inda ke mata ciwo. Idan bayan wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi kuna bin wannan tsari babu sauyi, ko ta fara kai hari da huci ba tare da an taɓa ta ba, ki sa wani ya ɗauki bidiyonta da waya lokacin da abin ke faruwa ki kai wa likitan. A fara ɗauka tun kafin ta kama, kuma a tsaya nesa yadda kunnuwa da wutsiya za su fito a hoton, domin a gaban likita kyanwa takan ƙame ne don tsoro, ba za ta nuna abin da take yi a gida ba.